Gejin Boilar Ɗan Asabe

Ɗan Asabe bai taɓa yafe wa Ɗan Juma ranar Juma'a ba. A lungu ɗaya aka haife su a tsohon Maradun, wanda ruwan dam ya shanye daga baya, ungozoma ɗaya ce ma ta yanke musu cibi. Sai dai ɗaya ya faɗo ana shirin tafiya masallaci, ɗayan kuwa sai washegari, Asabar, bayan mata sun yi guɗa sun gaji. Tsofaffi suka ce ɗan Juma'a mai albarka ne. A kan ɗan Asabar ba wanda ya ce komai, kuma wannan shirun Ɗan Asabe ya riƙe shi a rai har ya yi furfura.

Abin haushin, Ɗan Juma bai ma san ana tsere da shi ba. Mutum ne mai faɗin fuska da saurin dariya, irin wanda zai cinye rabin tuwonka kuma ka tashi kana sa masa albarka. Tare suka yi kiwon awaki, tare suka koyi iyo a gulbi, in kuma ka tambayi Ɗan Asabe wa ne amininsa a duniya, kafin ka rufe baki zai ce Ɗan Juma. Gaskiya ya faɗa. Yana ƙaunarsa, yana kuma ƙyashinsa, su biyun suna zaune a ciki ɗaya ba wanda ya kori wani. In gonar Ɗan Juma ta yi gero, sai ya ce ai ƙasar wajen ce mai kyau. In tasa ta yi, ba zai ji daɗi ba sai ya zagaya ya leƙa ta Ɗan Juma ya ga ko ta fi.

Abu ɗaya Ɗan Asabe ya riga shi, haihuwa. Ya auro Kubura daga Kaya, shekara na zagayowa ta sauka da namiji, aka sa masa Ayuba. Ɗan Juma da matarsa Marka kuwa shiru, an sha saiwoyi an sha rubutu, Allah bai kawo ba. To ɗan fari a wajenmu ɗan kunya ne. Uba ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, in an yabe shi sai ya kau da kai kamar da bango ake. Da an yaye shi akan miƙa shi ga kaka ko wani na jiki ya riƙe. Iyayen Ɗan Asabe sun riga mu gidan gaskiya, don haka ranar yaye ya sa aka naɗe wa yaron 'yan tsummokaransa aka kai shi gidan Ɗan Juma. Marka ta yi kuka, Ɗan Juma ya rasa bakin godiya. Ɗan Asabe ya koma gida ƙirji a buɗe, yana jin wani daɗin da bai taɓa ji ba: yau shi ke bayarwa, Ɗan Juma ke miƙa hannu.

Bai yi lissafin cewa yaro zai girma ya yi baki ba. Da Ayuba ya fara magana, Ɗan Juma ya kira Baba. Shi kuwa wanda ya haife shi, Marka ta koya masa ya ce Baffa, don ai ɗan'uwan uba ne a wajensa. Ba wanda ya yi laifi, haka ake yi. Amma duk lokacin da Ɗan Asabe ya hango yaron a wuyan Ɗan Juma ana tafiya kallon dambe, sai ƙyashi ya taso masa. Kubura ta ƙara haihuwa, Taiba da Saude, ya kuwa so su, yana ɗaga su sama yana musu wasa. Namijin dai yana can bayan katanga yana cewa wani Baba. Ɗan Asabe yana son ɗan nan ya san shi ne ubansa, ya nuna ya sani, kuma ba shi da bakin neman haka ko a wajen matarsa.

Ana nan Turawan kamfani suka zo da motocin da ke cin dutse, aka ce za a tare gulbi a yi dam a Bakolori. Lokacin duk ƙasar Sakkwato ce, ba a yi maganar jihar Zamfara ba. Aka tashi mutanen Maradun aka kai su sabon matsuguni a kan tudu, fadamun da suka gada suka nutse, aka yi ta rigimar diyya wadda har yau in an taɓo ta tsofaffi sai su yi shiru. Namiji ba gona, dole ya nemi abin yi. Su biyun suka tafi kwatas ɗin kamfani kusa da dam suka shiga layin neman aiki, kuma ba sai an faɗa maka wanda ya tsaya a gaba ba.

Hedimani, wato shugaban leburori, ya dubi Ɗan Juma ya tura shi ɗakin injin sanyi, wanda ke hura iska mai sanyi cikin ofisoshi da gidan baƙi. Ya dubi Ɗan Asabe ya tura shi boila, wato ƙatuwar tukunyar ƙarfe da ake dafa ruwa a ciki da baƙin mai, tururinta ya bi bututu zuwa gidan wanki da asibiti. Ɗakunan biyu suna kallon juna, fili ne kawai na tsakuwa a tsakani. A tsakiyar bazara, lokacin da kare ma ke neman gindin randa, sai ka ga Ɗan Juma ya fito ƙofa da suwaita yana murza tafin hannu, wai sanyi ya kama shi. Ɗan Asabe yana tsaye a tasa ƙofar daga shi sai singileti, gumi na bin gemunsa, bayansa duk ƙurajen zafi. Ɗan Juma zai ɗaga masa hannu da zuciya ɗaya. Shi ma zai ɗaga, sannan ya koma ciki ya yi tsaki.

Ya iya aikinsa, ba za a ci amanarsa ba. A saman boilar akwai geji mai allura, zagayayye kamar agogon bango, mai nuna ƙarfin tururin da ke ciki. In allura ta doshi jan layi sai a rage wuta, don boila in ta ƙoshi ba ta amai, fashewa take yi. Ɗan Asabe yakan ƙwanƙwasa gilashin da farce ya tabbata allurar ba ta maƙale ba, ya goge shi da gefen singileti, ya koma kan bencinsa. Daga bencin nan kuwa ana hango ƙofar ɗakin sanyi sarai, shi ya ja shi ya ajiye a wajen.

Ayuba ya yi boko, ya tafi makarantar koyon sana'a a Gusau, daga nan Kaduna. In ya zo hutu, da safe zai biyo ta boila ya durƙusa a bakin ƙofa, idonsa a ƙasa.

"Baffa, an tashi lahiya?"

"Lahiya," in ji Ɗan Asabe, yana kallon wuta.

Shi ke nan. Yaron ya yi abin da ɗa mai tarbiyya ke yi, uban ya yi abin da mai kunya ke yi, sai Ayuba ya miƙe ya tsallaka filin. Can zai wuni yana taya Ɗan Juma wanke ragar tace ƙura, ana jin dariyarsu duk da ƙugin inji. Da azahar Marka ta aiko da kwano su ci tare. Ɗan Asabe ya sha zama da nasa kwanon a cinya har tuwon ya sandare.

Da Turawa suka gama suka tafi, aikin ya koma hannun 'yan ƙasa, Ayuba ya dawo a matsayin mai kula da injunan kwatas gaba ɗaya. Aka ba shi ofis a can ƙarshen layi, bayan asibiti. Ya zama shugaban Babansa da Baffansa ke nan. Bai daɗe ba ya yi tafiya ya dawo da wani kwali, labari ya bazu cewa sabon geji ne, irin wanda ba shi da allura, lambobi yake nunawa da jar wuta. Kuma guda ɗaya tak aka ba shi.

Ɗan Asabe ya koma gida a cike ya sami Kubura tana tankaɗe.

"Kin ji yaron Ɗan Juma ya zo da sabon geji?"

"Na ji mata na hwaɗi," in ji ta, ba ta ɗago ba. Ita ma ba ta kiran sunansa.

"Ai kin san inda za a kai shi. Ɗakin sanyi. Can anka saba kai komi mai kyau."

"Ya hwaɗa maka?"

"Sai ya hwaɗi? Mu ai wuta ta ishe mu."

Kubura ta buga rariya a tafin hannu ta ce ya je ya watsa ruwa, warin baƙin mai yake yi.

Ya kwana ya shirya fushinsa tsaf, sai ga Ayuba da safe da kwali da akwatin sifana a bakin boila. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya roƙi Baffa ya kashe wuta a bar tukunya ta huce. Ɗan Asabe ya rasa inda zai sa fushin da ya zo da shi. Ya fita waje ya tsaya yadda za a gan shi daga ɗakin sanyi, yana ta kai da kawowa, hannu a baya. Da la'asar Ayuba ya ce an gama. Uban ya shiga yana neman jar wutar da aka ba shi labari.

Babu ita. Abin da ya gani wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne kamar ƙwan agwagwa, an ɗaura shi a kan ɗan bututu kusa da tsohon geji, da ɗan famfo a ƙasansa. Ba fuska, ba lamba. Waya ce ta fita daga ƙeyarsa ta bi bango, ta haura falwaya, ta bi bayan gidan wanki da asibiti. Ɗan Asabe ya bi ta da ƙafa har ofishin Ayuba. Ta taga ya hango wani ɗan akwati a bango, daidai inda mai zama a kujera zai ɗaga ido ya gani, jajayen lambobi suna ci a fuskarsa. Boilarsa ce ke magana a ofishin wani.

Wai da an kai gejin ɗakin sanyi da Ɗan Asabe ya yi ƙyashi. An kawo masa, sai ya samo ƙyashin ta wata ƙofa, don shi wajen wannan sana'ar ba a fi shi ba.

"Mai gadi yas sa mani," ya ce wa Kubura. "Ya yarda da Babanai na ɗakin sanyi, ba a bin shi da waya. Ni Baffa, ni ad da sakaci, sai an sa mani ido."

"Kila boila ta hi haɗari."

"Shekara nawa ina hura ta? Ta taɓa ko tari?"

Kubura ta ci gaba da aikinta. Shi kuwa daga ranar, duk sanda ya kunna wuta sai ya ji kamar an tsaya masa a ka. Ya daina kallon wajen dunƙulen ƙarfen, in zai goge tsohon geji sai ya zagaye shi.

A cikin wannan hali maganar auren Ayuba ta taso. Yarinyar Mariya ce, 'yar wani manomin shinkafa a Dakko ta ƙasar Bakura. Neman aure aikin uban riƙo ne, don haka Ɗan Juma ya sha babbar riga ya ja dattawa suka tafi, Ɗan Asabe ya zauna gida kamar yadda ya kamata. Aka ba su. Ranar Talata da yamma su biyun suka shiga kasuwar Mafara, ai kuwa tun daga 'yan goro aka fara tare Ɗan Juma ana barka. Sallau mahauci ya ajiye wuƙa ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Uban ango! Wallahi ka iya riƙo. Yaro ga ilimi ga ladabi, kamar kai kat tohe shi."

Ɗan Juma ya yi ta dariya yana amin. Sallau ya juyo wajen Ɗan Asabe, don ya san komai, ya ce, "Ko ba haka ba?"

"Ɗanai na," in ji Ɗan Asabe, yana kallon ƙudajen da ke bin tire. Amsar da ake so ke nan daga mai kunya, kowa ya yaba. Shi kaɗai ya san yadda ta ƙona masa harshe. Sallau ya yanko tsoka ya ƙara wa uban ango kyauta, kuma Ɗan Asabe ne ya riƙo ƙunshin har tasha don Ɗan Juma hannunsa ya cika da gaisuwa.

Washegari da safe Ɗan Juma ya leƙo boila da goro a hannu, ya ɓara ya miƙa masa rabi. Suka gaisa, gida da iyali da gajiyar kasuwa. Har ya juya sai ya tuna.

"Af, yaron ga ya ce in hwaɗa maka, jiya da hantsi lambarka ta ɗan hau. Wai ka riƙa sassauta wuta."

Ɗan Asabe ya tsaya da tauna.

"Shi yac ce ka hwaɗa mani?"

"Shi."

"Shi ba shi da baki?"

"Haba, kai ma ka san ba shi iya gyara maka aiki ido da ido." Ɗan Juma ya yi dariyarsa ya ja suwaitarsa ya tsallaka fili.

Ashe har zama suke su yi hirarsa. Ɗa da uba, a cikin sanyi, suna tauna aikin Baffa. Ɗan Asabe ya tofar da goron. Ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Hantsi ya yi, gidan wanki na jan tururi, boila na kan ganiyarta, allura na tsaye inda ya kamata. Ya dubi dunƙulen ƙarfen, karo na farko cikin makonni. Ya miƙe ya kama ɗan famfon da ke ƙasansa ya murɗa. Irin famfon nan in ka rufe shi yakan saki ɗan tururin da ya rage a wuyan geji, ya ce fus, shi ke nan geji ya koma kamar ba wuta. Boilar kanta ba abin da ya same ta. Ya koma benci yana cewa a ransa, to ya je ya kalli Babansa.

Bai gama gyara zama ba ya ji ihu daga wajen asibiti. Matan gidan wanki suka yi salati, baho ya kife, wani na gudu a kan tsakuwa.

"Baba! Baba!"

Ɗan Juma ya fito ƙofarsa da sauri yana cewa na'am. Ayuba ya wuce shi ko waiwaye bai yi ba. Takalmi ɗaya a ƙafarsa, ɗayar ƙafar tsakuwa ta yanke ta, ya faɗo cikin ɗakin boila hannu a fuska kamar mai shiga gobara. Ya cafki kafaɗun Ɗan Asabe, ya shafa damatsansa, ya juya shi ya duba bayansa, sannan ya kalle shi cikin ido, abin da bai yi ba tun yana goye.

"Ba ka ƙone ba? Baba, ba ka ƙone ba?"

Ga wanda ya san aikin, lamba ta faɗi daga sama ta koma ba komai cikin ƙiftawar ido ma'anarta ɗaya ce, tukunya ta fashe, kuma wanda ke kusa da ita fata ba ta saura a jikinsa. Ɗan Asabe ya san haka sarai. Ƙyashi ne ya hana shi tunawa.

Sai Ayuba ya lura ɗakin ba tururi. Ya ɗaga kai ya ga allura tsaye lafiya lau. Ya dubi ɗan famfon ya ga an murɗa shi. Ya daɗe yana kallonsa. A hankali ya saki kafaɗun ubansa, idonsa ya koma ƙasa, ya miƙa hannu ya buɗe famfon. Ya fita yana ɗingishi, matan wanki suka buɗa masa hanya.

Ɗan Juma na tsaye a bakin ƙofa yana haki. Dariyar nan ta bar fuskarsa, abin da ya maye gurbinta kuwa Ɗan Asabe ya gane shi nan take, don ya san shi kamar yunwar cikinsa. Ɗan Juma ya shigo cikin zafin da bai saba ba ya zauna a ƙarshen benci.

"Ni nic ce na'am," ya ce. "Gaban mata."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Lokacin da yaron ga shina Kaduna anka kai su wata masaƙa koyon aiki. Boila ta hwashe gabansu. Mai hura ta dattijo na, sa'anka. Yaron ga ya zo hutu bai iya cin nama ba. Tun sannan shika neman gejin ga, ya bi ohis-ohis kamar mai bara." Ya share gumi da hannun suwaita. "Kullum da sahe Marka na aika mai kunu. Ba shi sha sai ya ga lamba ta hwara hawa. In ta hau shi ce, ya iso, sannan shi buɗe kwano. Ni ina zaune ina gani."

"Ba ka taɓa hwaɗa mani ba."

"In hwaɗa maka don mi? Ni nig goya shi, ni nik kwana da shi da ƙyanda. Guda anka ba shi, yak kawo maka. Ka ɗauka ban ji ba?"

Ya tashi ya fita. Ya kamata a ce kunya ta kama Ɗan Asabe, ta kuwa kama shi, amma ba ita ta fara zuwa ba. Daɗi ne ya fara zuwa, mai yawa, har ya ji ƙwalla. Yaron ya wuce Ɗan Juma ya zo wajensa. Ɗan Juma na ƙyashinsa, shi Ɗan Asabe! Ya wuni yana duba allura yana sassauta wuta tun ba ta kai ko'ina ba. Da ya koma gida Kubura, wadda labari ya riga shi isa wajenta, ta ajiye masa tuwo ta shige ɗaki ba ta ce masa sannu ba, amma ko wannan bai rage masa komai ba. Ya ƙudura gobe zai yi sammako ya kunna wuta da wuri, kada kunun yaron ya huce.

Ya yi sammakon. Bai kai ga ƙyasta ashana ba sai ga Ayuba, ƙafa ɗaure da bandeji, ɗan akwatin nan a hammata, wayar a naɗe a kafaɗarsa. Tun asuba ya bi falwaya ya kwance ta. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Baffa, an tashi lahiya?"

"Lahiya."

"Ka gahwarce ni. Ban san abin ya dame ka ba, da ban yi ba. Rashin kunya ta in zauna ina duba aikinka." Ya nuna akwatin. "In ka yarda in kahe shi nan, kai ka dubawa da kanka."

Ɗan Asabe ya buɗe baki. Abin da yake son faɗa ɗan kaɗan ne: mayar da shi, ci gaba da dubana. To ta ina uba zai fara faɗa wa ɗan fari haka, wanda ko sunansa bai taɓa kamawa ba? Ya dubi wutar da bai kunna ba.

"To," ya ce.

Ayuba ya kafa akwatin a bango kusa da tsohon geji, ya gajarta wayar, ya tattara ragowar ya tafi. Ɗan Asabe ya kunna wuta. Jajayen lambobi suka fara hawa ɗaya bayan ɗaya, kyawawa, ga su nan a gabansa kamar yadda ya so tun farko, ba mai ganinsu sai shi.

Ya daure har bayan biki. Ya ga an kawo Mariya, ya ga Ɗan Juma a tsakiyar tabarma ana masa Allah sanya alheri, ya ga Ayuba ya koma tsallaka fili da azahar yana cin tuwon Marka. Wata ranar da la'asar ya ajiye girman kai ya taka tsakuwar nan da ƙafarsa ya shiga ɗakin sanyi, wanda rabonsa da shi an daɗe. Sanyin ya daki guminsa har ya yi atishawa. Ɗan Juma na tsugune gaban baho yana wanke ragar tace ƙura. Suka gaisa doguwar gaisuwa, suka ƙara wata a kai.

"Wata alfarma niz zo nema," in ji Ɗan Asabe. "Ka ce ma yaron ga shi maida abin nan ohis. Ka ce kai kag ga ya dace. Shina jin maganarka."

Tun suna kiwon awaki Ɗan Juma bai taɓa hana shi komai ba. Ya ci gaba da cuɗa ragar, ya ɗaga ta ya kalli haske ta cikinta, ya sake tsoma ta.

"A'a," ya ce. "Wagga ba ni kai ta. In kana so, ga ohis ɗinai can."

Ɗan Asabe ya ɗan tsaya ko zai ji dariya ta biyo baya. Ba ta biyo ba. Ya fito ya tsaya a tsakiyar fili yana kallon hanyar da ta bi bayan asibiti, ya daɗe a tsaye har mai gadi ya tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya, ya koma wajen wutarsa.

Ya ƙara shekaru yana hura boilar nan, har aikin dam ya ja baya, baƙin mai ya daina zuwa, aka rufe gidan wanki aka sallame shi. Shi da Ɗan Juma ba su daina raba goro ba. Ayuba bai fasa durƙusawa a ƙofarsa kowace safiya ba, ya kai shi asibiti da ciwon ƙafa ya kama shi, ya yi masa duk abin da ake yi wa baffa na kirki. Akwatin kuwa a bangon boila aka rufe ɗakin da shi.